Ka Ajiye Kwalba? Kada Ka Yi Wannan Yaƙi Kai Kaɗai

A ƙasar Hausa, mashayin giya gwani ne wajen ɓoye sirri. Tun wajejen shekarar 2000 da jihohin Arewa da dama suka hana sayar da barasa a fili, shan ya koma bayan labule: ɗakin otal, Sabon Gari da daddare, kwalba a ƙarƙashin kujerar mota. Wanda ya saba sha a ɓoye kuwa, ranar da ya tashi dainawa ma a ɓoye yake son ya daina, don kada a ji. A nan ne da yawa ke faɗuwa.

Mu fara da maganar rai. Idan ka daɗe kana sha kullum, har sai ka kurɓa da safe kafin hannunka ya bar rawa, kada ka yanke a rana ɗaya kana kulle a ɗaki. Cikin awa 6 zuwa 24 jiki kan fara karkarwa da gumi da tashin zuciya. Wasu farfaɗiya ke kayar da su, wasu kuma a kwana na biyu ko na uku sai su rikice, suna ganin abin da babu shi. Wannan yana iya kisa. Mutanen gida za su ce iska ce. A yi addu'a, amma a kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, kuma babban asibitin garinku ma zai iya ba da magani na 'yan kwanaki da bitamin B1. Zuwa can ba hauka ba ne.

Bayan jiki ya lafa, sai aikin zuciya. A shekarar 1935, a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka, wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson, wanda bai daɗe da barin giya ba, ya je neman ciniki abin bai yiwu ba. Sha'awar sha ta taso masa. Maimakon ya nufi mashaya, sai ya shiga cigiyar wani mashayi da zai yi magana da shi, aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith. Hirarsu ce ta haifi ƙungiyar Alcoholics Anonymous da ta bazu a duniya. Abin da suka gano ba shi da wuyar fahimta: wanda ya taɓa shiga ramin ba ka iya yi masa ƙarya, kuma ba ya yi maka kallon ƙasƙanci.

Don haka nemi mutum ɗaya. Idan ka samu wanda ya daina kafin kai, ka dace. Ma'aikatan asibitin da ka je za su iya nuna maka inda irinsu ke haɗuwa. Idan babu, ɗauki mai riƙon amana, ko yayanka ne, ko malami, ko fasto. Ka ce masa: "Yaya, ina sha, na daina, ina son in riƙa kiranka idan abin ya motsa." Ku yi alƙawari ka kira kafin ka sha, ko da ƙarfe biyun dare ne. Kada ka ɗora wa matarka wannan kaya ita kaɗai, ta riga ta sha wahala. Mata masu wannan matsala, waɗanda kunyarsu ta ninka ta maza, su nemi 'yar'uwa mace.

Ka san lokutan da ke kayar da kai: bayan Magariba, ranar da albashi ya shigo, daren Asabar, bayan faɗa a gida. Cika su da wani abu tun kafin su zo, ko teburin mai shayi ne, ko kallon ƙwallo inda ba a sha. Sauya hanyar komawa gida, goge lambar mai kawo maka, ka damƙa katin ATM ga amintaccenka na ɗan lokaci. Tsohuwar majalisa kuwa, a gaisa daga nesa. "Ɗan kurɓi ɗaya ba komai" daga bakinsu zai fito. Kada ka zauna da yunwa ko gajiya. Sha'awar takan taso ta kai ƙololuwa sannan ta sauka ko ba ka sha ba, kiran waya ɗaya kan isa ka tsallake ta. Barci zai yi maka gardama na wasu makonni, zai daidaita. Kada ka lissafa shekara, yau kawai ka riƙe.

Idan ka zame fa? Kira mutuminka a ranar, kada ka bari kunya ta mai da kwalba ɗaya ta zama wata guda. Ya zo a Sahihul Buhari cewa an sha kawo wani sahabi gaban Manzon Allah (SAW) saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa.

Ku kuma 'yan'uwa, idan ya zo ya faɗa muku gaskiya, ku riƙe masa sirrinsa, ku bar gori, ku ɗaga waya idan ya kira.