Katantanwar Kududdufi da Ciwon Tsargiya: Jan Kunne ga Iyayen Bulumkutu

Kowace shekara, idan ruwan Agusta ya zauna, ramukan da aka haƙi ƙasar gini a unguwar Bulumkutu ta Maiduguri da kewayenta sai su cika fal, yara kuma su mayar da su wurin iyo. Bayan kamar wata uku sai ka ji yaro yana raɗa wa uwarsa cewa jini na biyo ƙarshen fitsarinsa. Wannan ita ce tsargiya, kuma mai rainon ta wata 'yar halitta ce da ba ta fi farcen yatsa ba.

'Ya'yanmu na sakandare sun haddace tauraron teku tsaf. Za su faɗa maka hannayensa biyar, ba shi da ƙwaƙwalwa, yana da ɗigon ido a ƙarshen kowane hannu, yana tafiya da ɗaruruwan ƙananan ƙafafu masu aiki da ƙarfin ruwa, yana kuma fito da tumbinsa ta baki ya narkar da abinci a waje. Ikon Allah ne, babu shakka. Sai dai ruwan gishiri kaɗai yake zama, bai taɓa kwantar da ɗan Borno ba. Katantanwar da ke bayan gidansu kuwa, ba su san ta ba.

To ga ta. Masana na kiranta Bulinus. Ƙafarta ɗaya ce, shimfiɗaɗɗiya, da ita take jan ciki a kan ganye da kara. Tana da ƙahonni biyu masu laushi da take shafa da sunsuna hanya da su, idanunta na gindinsu, ba su ganin komai sai haske da duhu. Harshenta cike yake da ƙananan haƙora, da shi take kankare gansakuka da ruɓaɓɓen ganye. Kowace ɗaya namiji ce kuma mace ce, saboda haka guda ɗaya tak ta isa ta cika kududdufi. Idan rani ya yi, wasu sukan shige laka su yi lamo har ruwa ya dawo. Kada wani ya ce ai tafkin ya ƙafe, an huta.

Ita kanta ba ta cizo, ba ta harbi. Misalinta kamar fatoma ne wanda ba ya tambayar baƙo daga ina. Baƙo ya zo masa tsirara, ba ko sanda, ya ba shi ɗaki, ya ci da shi, ya bar shi ya hayayyafa har gida ya cika, sa'an nan ya buɗe ƙofa da tsakar rana ya saki 'ya'yan baƙon, kowanne da makami, su far wa maƙwabta. Shi kuma fatoma yana zaune a zaure kamar bai san komai ba. Haka abin yake. Mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsa su ƙyanƙyashe, su nemi katantanwa su shige ta. Bayan mako huɗu zuwa shida sai dubbai su riƙa fitowa, galibi da rana tsaka, daidai lokacin da yara ke tsunduma. Ba sai an sha ruwan ba. Ta fata suke huda mutum cikin 'yan mintoci, su girma, su tare a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, suna zuba ƙwai shekara da shekaru. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851.

Abin takaici, har yau akwai uban da zai ga jini a fitsarin ɗansa ya ce zafin rana ne, ko ma ya yi murmushi wai yaro ya fara zama namiji. Wannan jahilci ne, kuma sakaci da amana ne. Jinin nan rauni ne a cikin mafitsara. Yaro ya rame, jininsa ya ragu, karatu ya gagara. In aka daɗe ana iya samun toshewar hanyar fitsari, lalacewar ƙoda, har da sankarar mafitsara. Ga 'ya'ya mata kuma tsargiya tana taɓa mahaifa, ta kai ga rashin haihuwa, a je ana zargin kishiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum sama da miliyan 250 ne ke buƙatar maganin wannan ciwo, mafi yawansu a Afirka.

Ba mu da hanzari. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu. Da mun bi wannan kaɗai, da baƙon bai sami hanyar gidan fatoma ba.

Kududdufi na da sauran sharri: sauro, kwalara, matsattsaku, da nutsewar yara. Ambaliyar madatsar Alau ta Satumbar 2024 ta nuna wa Maiduguri abin da ruwa kwance ke jawowa. Waɗannan kowa ya san su.

Maganin tsargiya sunansa praziquantel. Ana auna tsayin yaro a ba shi gwargwadonsa, bayan ya ci abinci, kuma akan raba shi kyauta a makarantu. Ba ya hana a sake kamuwa in an koma ruwan. Wanda ba shi da ruwan wanka sai na tafki, ya tafasa shi, ko ya ajiye shi kwana biyu kafin ya taɓa.

Ya ku bulamomi da lawanai, a haɗa matasa a cike ramukan nan. Malaman tsangaya, a daina tura almajirai wanki a kududdufi. Iyaye kuma, ku tambayi 'ya'yanku yau, kada ku jira kunya ta bar su su faɗa. Wanda aka ga jini a fitsarinsa, a kai shi asibiti gobe da safe.