Fitar da Yara Wurin Wasa Ba Sai da Sallah Ba

Ni malamar nazare ce a Kano, aikina koyar da yara 'yan shekara uku zuwa biyar. Abin da nake gani a duk farkon zango shi ya sa na ga ya dace in yi wannan jan hankali.

Ana kawo mana yaro ɗan shekara huɗu, ya san inda zai latsa a waya ya nemo katun, amma ka ce ya tsaya da ƙafa ɗaya sai ya faɗi. Ka jefa masa ƙwallo ya kasa cafewa. Matakala uku sai an riƙe masa hannu. Fensir yana zamewa daga yatsunsa, jiran layi kuwa kuka ne. Yawancin irin waɗannan yara lafiyarsu ƙalau, basirarsu ma ƙalau. Jikinsu ne bai samu aikin da ya kamata ba. Idan na tambayi uwa, amsar kusan ɗaya ce: "Malama, ai ba ma barinsa ya fita, zamani ya lalace. Sai dai da Sallah babansu ya kai su gidan zu."

Tsoron nan yana da dalili, kuma ban ga laifin uwar da ta tsare ɗanta ba. Mu da muka tashi a gidan gado mun samu tsakar gida mai faɗi da dandali. Mun yi langa da 'yar gala-gala da carafke da gaɗa da tuwon ƙasa, babu wanda ya biya sisi. Yau iyalai da yawa suna haya ne a ciki da falo, lungu ya cika da babura, filayen unguwa an yanka su shaguna. Abin da unguwa take ba yaro a kyauta a da, yanzu sai iyaye sun tashi sun nema masa da niyya.

Wasa ba ɓata lokaci ba ne ga ƙaramin yaro. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji game da yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ta ce yaro daga shekara ɗaya zuwa huɗu yana bukatar motsa jiki na minti 180 a kullum, a rarrabe cikin yini. Ga 'yan shekara uku da huɗu, minti 60 daga ciki ya zama irin wasan da ke sa haki da gumi. Ta kuma ce kada a ajiye yaron da bai kai shekara biyu ba gaban talabijin ko waya, wanda ya kai kuwa kada kallonsa ya wuce awa ɗaya. Kowa ya duba gidansa ya ga ko ba juya lissafin nan muka yi ba.

Mu malamai mun san hannun da zai yi rubutu daga kafaɗa yake samun ƙarfi. Yaron da ya yi lilo, ya hau ya sauko, ya tona ƙasa, ya cika gwangwani da yashi ya zubar, shi ne yake riƙe fensir da sauƙi. Hasken rana yana taimaka wa fata ta samar da bitamin D da ƙashi ke bukata. Ido ma yana amfana, domin bincike ya nuna yaran da ke daɗewa a waje sun fi tsira daga matsalar rashin ganin nesa. Wannan ne ya sa tun 2010 Taiwan ta nemi makarantunta su riƙa fitar da yara waje minti 120 a kullum. Ga kuma tarbiyya. A gaban lilo ɗaya da yara goma ke so, nan yaro yake koyon haƙuri, da cewa "bayan kai sai ni", da tashi ya kakkaɓe jikinsa idan ya faɗi. Ba a koyar da wannan a allo.

Na san za a ce ana fama da cefane, wa yake ta yawo. To, a zauna a yi lissafin inda kuɗin fita yake tafiya. Sau da yawa kuɗin ƙofa ne mafi ƙanƙanta. Abin da ke cinye aljihu shi ne kuɗin mota, da ciye-ciye, da hawa injinan wasa ɗaya bayan ɗaya, da mai hoto, da mai balan-balan. Duk waɗannan ana iya rage su. A haɗa zoɓo ko kunun aya daga gida, a dafa ƙwai, a soya awara ko dankali, a cika gora da ruwa, a naɗe tabarma. Maƙwabta biyu su haɗa kuɗin A Daidaita Sahu. Tun a gida a gaya wa yara cewa abu ɗaya kowa zai hau, sauran lokacin na guje-guje ne. Sannan a guji ranakun Sallah, lokacin da cunkoso ke yawa, komai ya yi tsada, yara kuma suke ɓacewa. Asabar da safe ta fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

Wuraren kuma akwai su. A Kano ga gidan namun daji na Audu Bako mai inuwar itatuwa. A Kaduna ga lambun Gamji a bakin kogi, inda tsohuwar gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru take. A Abuja ga lambun Millennium da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a watan Disamban 2003, kuma shigarsa kyauta ce. Maiduguri tana da gidan namun daji na Sanda Kyarimi, Jos tana da gandun namun daji, Yamai tana da gidan tarihi na Boubou Hama da dabbobinsa. Amma irin waɗannan na lokaci-lokaci ne. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wurin da za a iya zuwa a ƙafa kowane mako: filin firamaren unguwa bayan an tashi idan an nemi izini, filin idi, gefen filin ƙwallo, ko gindin darbejiya mai tsabta. Ƙwallo ɗaya da igiyar tsalle sun isa.

Idan an fita, a kula da wasu abubuwa. A lokacin bazara zafin Kano yana haura digiri 40, don haka a fita da sassafe ko bayan la'asar, a dawo kafin magariba saboda sauro. Kafin yaro ya hau abin zamiya ko lilon ƙarfe, babba ya fara taɓawa da hannunsa, domin ƙarfen da ya sha rana yana ƙona fata. A duba tsatsa da ƙusa da fasassun kwalabe, a tabbatar yaro yana da takalmi kuma rigakafinsa ya cika. Kada a bar igiya ko dogon mayafi a wuyansa yana hawa sama. Yaro mai asma a rage fitar da shi ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa. Inda akwai ruwa, ko kaɗan ne, kada ido ya bar yaro. A gidan namun daji kada ya zura hannu cikin keji. A koya masa cikakken sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu, a rubuta lambar waya a takarda a sa masa a aljihu. Kuma kada a ɗora wa 'yar shekara tara tsaron ƙannenta uku, ita ma yarinya ce mai bukatar wasa.

Ina da magana ta musamman ga iyaye maza. Ranar Litinin idan na ce yara su ba ni labarin hutunsu, wanda ya fita da babansa bakinsa ba ya rufuwa. Zai gaya maka girman jimina, da yadda biri ya ɓare gyaɗa, da yadda ya tsere wa Baba a gudu. Kalmomin da yake tarawa a irin wannan fita su ne jarinsa na karatu. Sai dai amfanin yana raguwa idan uba ya je ya zauna yana danna waya. Ka saka ta a aljihu, ka tura lilon da hannunka, ka amsa tambayoyinsa. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) yana wasa da jikokinsa Hasan da Husaini, don haka babu zubar da girma a ciki.

Ga masu unguwanni da kansiloli da hukumomin tsara birane, haƙƙin yaro na yin wasa yana cikin sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita. Duk sabuwar unguwar da za a yanka a bar wa yara fili, wanda ake da shi kuma a kare shi daga shara da gine-gine. Matasan unguwa za su iya share wuri, su dasa itatuwa, su binne tsofaffin tayoyi don tsalle.

Iyaye, kada mu jira Sallah. Mu zaɓi rana ɗaya a mako, mu nemi wuri mafi kusa mai inuwa da tsaro, mu fita da yaranmu ko na awa ɗaya ne. Allah Ya raya mana su cikin ƙoshin lafiya, Ya yi musu albarka.