Makarantar Ƙauye Komai Ƙanƙantarta: Me Ya Sa Za A Riƙe Ta, Wa Kuma Zai Biya?

An rubuta wannan takarda ne domin iyayen yara, da masu unguwanni, da dagatai, da shugabannin rugage, da duk mai faɗa a ji a ƙauye. A Nijeriya ba kowa ne ke zaune a birni ko babban gari ba. Akwai tungaye masu gida goma, akwai rugage, akwai ƙauyukan da ke hayin rafi waɗanda mota ba ta shiga da damina. Yaran waɗannan wurare ba su da yawa, amma haƙƙinsu na karatu daidai yake da na ɗan birni.

Yadda makarantar ƙauye take mutuwa

Da wuya a ga an aiko da takarda an ce an rufe makaranta. A hankali take mutuwa. Iskar farkon damina ta yaye kwanon aji ɗaya, a kwashe yaran a mai da su gindin bishiya. A yi wa malami canjin wurin aiki, ba a turo madadinsa ba. Wanda ya rage yana zaune a hedikwatar ƙaramar hukuma, ya zo a babur ran Litinin, in kuɗin mai ya ƙare ba a sake ganinsa sai wani mako. Uba ya ga ɗansa ya tafi da safe ya dawo hantsi bai koyi komai ba, sai ya ce gara ya bi shi gona. Yara su ragu a rajista. Daga nan sai a ce ai ba ɗalibai, a haɗe ta da makarantar gari na gaba.

Dalilin tsadarta

Dole a faɗi gaskiya, ƙaramar makaranta tana da tsada in aka raba kuɗinta a kan kowane yaro. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A misali, makarantar gari mai yara 420 ta cancanci malamai 12, kowa da cikakken aji. Ta tunga kuwa mai yara 40, in aka bi ƙirga, malami ɗaya za ta samu, alhali yaran sun rarrabu daga aji ɗaya har aji shida. In aka ce a ba ta malamai shida, kowanne zai tsaya gaban yara shida ko bakwai, albashinsa kuma bai ragu ba. Kwano da siminti ma ba sa sauka don yara kaɗan ne, sai dai kuɗin dako ya ƙaru saboda nisa.

To amma wannan lissafi ya manta da ƙafar yaro. Ɗan shekara shida ba zai yi tafiyar kilomita biyar da safe ya sake yin ta da rana tsaka ba. In rafi ya kawo ruwa, karatu ya tsaya ke nan. Ga kuma halin rashin tsaro da ake ciki a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna, inda ba uban da zai saki 'yarsa ta ratsa daji ita kaɗai. Shi ya sa in makaranta ta yi nisa, 'ya'ya mata ake fara cirewa. A shekarun baya Asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa yara kimanin miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, akasarinsu a Arewa. Duk makarantar ƙauye da ta mutu ƙari ce a kan wannan adadi.

Abin da doka ta tanada

A 1976 aka fara shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, lokacin da aka giggina ajujuwa har cikin ƙauyuka. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, sannan dokar 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Dokar ta ce Gwamnatin Tarayya ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC. Sai dai akwai sharaɗi: kafin jiha ta karɓi kasonta na gine-gine, sai ta ajiye nata daidai da shi. Jihohi da dama sukan yi jinkirin ajiyewa, har biliyoyin naira su yi ta zama a Abuja ba a ɗauka ba, alhali yara na zaune a ƙasa.

A jiha, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ita ce ke tsara inda za a gina aji da inda za a gyara. Albashin malaman firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma shi ke kula da tura malamai. Makiyaya da masunta suna da tasu hukumar ilimin, wadda aka kafa a 1989, hedikwatarta na Kaduna. Saboda haka mai neman gyara ya san ƙofar da zai buga.

Hanyoyin riƙe ƙaramar makaranta

Na farko, haɗa ajujuwa. Malami biyu ƙwararru sun isa su riƙe yara 40. Ɗaya ya ɗauki aji ɗaya zuwa uku, ɗaya ya ɗauki huɗu zuwa shida. Ya raba allo gida biyu, ya ba manya aikin lissafi su yi shiru, ya juya ga ƙanana yana koya musu baƙi da wasali, sannan ya sa mai ƙoƙari a cikin manya ya zauna da su su maimaita. Wannan dabara ce da ake koya, don haka a nemi a horar da malamin a kanta.

Na biyu, malami ɗan gida. Wanda gonarsa da iyalinsa ke ƙauyen ba ya neman canji. In akwai yaro ko yarinya da suka gama sakandare, gari ya taimaka su yi karatun malanta na NCE, a roƙa a ɗauke su aiki a nan. In kuwa baƙo aka turo, a ba shi ɗaki da ɗan filin noma. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin alawus na musamman ga malaman karkara. Ya kamata a riƙa tuna wa jihohi.

Na uku, abinci. Yaron da ya san zai ci a makaranta ba ya fashi. A Jamhuriyar Nijar, ciyarwa na taimakawa wajen riƙe makarantun yankunan makiyaya, domin iyaye kan tafi da dabbobi su bar yaran a hannun malamai.

Na huɗu, a canja ma'auni. Kowace makaranta a ba ta wani tsayayyen kaso na malamai da gyara, ko yaranta nawa ne, sannan a ƙara bisa yawan ɗalibai da nisan wuri.

Aikin da ya rataya a wuyan jama'a

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace makaranta ya kamata ta kasance da kwamitin kula, wanda ake kira SBMC, mai ƙunshe da mai unguwa da liman da iyaye mata da hedimasta. Kwamitin ya rubuta sunan duk yaron da ya isa shiga, ya bi gida-gida a kawo shi, domin da rajista ake kare makaranta a ofis. Ya lura da ranakun da malami ya zo. Ya kira gayya a yi yaɓe, a gyara makewayi, a danne kwano kafin ruwa ya sauka. Abin da ya fi ƙarfin gari, a rubuta takarda, dagaci ya sa hannu, a kai wa Sakataren Ilimi da kansila da ɗan majalisar jiha, a ajiye kwafi, a koma a tambaya.

Ya ku iyaye, gyaran makarantar da ke raye ya fi sauƙi a kan farfaɗo da wadda ta mutu. Ku tura 'ya'yanku maza da mata kullum, ku riƙe malaminku da mutunci, ku nemi haƙƙinku a wurin hukuma cikin ladabi ba tare da gajiyawa ba. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, amin.