Layin Shiga na Ranar Larura: Nasiha ga Masu Kula da Kwamfutoci

Daga cikin amanonin da suka rataya a wuyan mai kula da manyan kwamfutocin ma'aikata, waɗanda ake kira uwar garke, akwai guda ɗaya da na lura yawancin abokan sana'armu sun yi mata riƙon sakainar kashi, domin kuwa amfaninta ba ya bayyana sai ranar da al'amura suka dagule, wato daidaita layin siriyal, wannan 'yar kafa mai fil tara da ke bayan na'ura, ta yadda idan hanyar sadarwa ta yanke, ko wani ya yi kuskure wajen tsara katangar tsaro ya kulle kansa a waje, ko na'urar ta tsaya tsakiyar tashi tana jiran amsar wata tambaya, mutum zai iya jona waya ya ga kalmar login ta bayyana, ya shiga ya yi gyara. Galibin waɗannan na'urori ba su da allon kallo ko allon rubutu a jikinsu, kuma muddin SSH yana aiki ba wanda ke tuna wannan kafa, alhali kuwa Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Wajibi ne a san asalin abin, domin mafi yawan sharuɗɗan da ke rikitar da matasan ma'aikata gado ne daga wani zamani. Lokacin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma gina Unix a Bell Labs ta Amurka a shekarar 1969, abin da mutum ke zama gabansa ya yi magana da kwamfuta shi ne na'ura irin Teletype Model 33, wadda take buga haruffa a kan takarda, haruffa goma a cikin daƙiƙa ɗaya, bisa saurin bod 110, kuma ba ta san ƙananan baƙaƙe ba sam. Kan bugunta ƙarfe ne da ke buƙatar lokaci kafin ya koma farkon layi, saboda haka aka raba umarnin komawa farko da umarnin sauka layi na gaba, aka kuma tanadi jinkiri a tsakaninsu. Ƙa'idar wayar kanta, RS-232, ta girmi Unix, tun 1960 take. Takarda ta wuce, VT100 na kamfanin DEC ya zo a 1978 da allon gilashi mai layi 24 da gurbi 80, shi ma ya wuce, amma sharuɗɗan suna nan cikin Linux da FreeBSD har gobe, kuma duk wanda ya buga stty -a zai gan su jere.

Silsilar shiga kuwa gajera ce. Shiri na farko da babbar manhaja ke tayarwa, init a da, systemd a yawancin Linux na yanzu, shi ke tayar da getty a kan kowane layin da aka umarce shi. Getty ya buɗe layin, ya daidaita saurinsa, ya nuna abin da ke cikin /etc/issue, ya nemi suna. Idan ya samu sai ya miƙa wa login, wanda zai kashe maimaita haruffa a allo don kada kalmar sirri ta bayyana, ya tantance ta, sa'an nan ya buɗe wa mutum shel. In mutum ya fita, a sake tayar da sabon getty. Wata hikima ta magabata da nake sha'awa ita ce, getty yana karantar halin na'urar da ke ɗaya ɓangaren daga sunan da aka buga masa: daga nan yake gane irin faritin da take amfani da shi, wato bit ɗin gano kuskure, da harafin da take aikowa a ƙarshen layi, da wanda take sharewa da shi, har ma a da in ya ga sunan duka manyan baƙaƙe ne sai ya ɗauka na'urar ba ta da ƙanana. Wurin rubuta umarnin ne ya saɓa tsakanin mazhabobin Unix: mutanen System V suna da /etc/inittab da /etc/gettydefs, mutanen BSD suna da /etc/ttys da /etc/gettytab, a Linux mai systemd kuwa ya wadatar a kunna serial-getty@ttyS0.service, wanda ke kiran agetty, shirin da Wietse Venema ya fara rubutawa.

Rukuni na farko wajen daidaita layin, wanda in ya ɓaci kome ya ɓaci, shi ne ittifaƙin ɓangarori biyu a kan sauri. Dalilin haka shi ne wayar ba ta ɗauke da agogon da su biyun za su bi tare. Mai aikawa yana sa bit ɗaya na farawa, sa'an nan bit takwas na harafin, sa'an nan bit ɗaya na tsayawa, mai karɓa kuma yana ƙidaya lokaci da nasa agogon yana leƙa wayar a tsakiyar kowane bit, ta yadda in agogonsa ya saɓa wa na mai aikawa zai leƙa a inda bai kamata ba, ya fito da wasu alamomi marasa ma'ana. Wannan tsari na bit takwas, babu fariti, da tsayawa ɗaya, shi ake rubutawa 8N1, kuma tun da kowane harafi yana cin bit goma, layi mai saurin 9600 yana ɗaukar haruffa 960 a daƙiƙa, wato cika allo guda mai haruffa 1920 zai ci daƙiƙa biyu, mai 115200 kuwa yana ɗaukar 11520. Na'urorin Cisco bisa al'ada suna zuwa a kan 9600, Raspberry Pi a kan 115200. Don haka shirmen haruffa a allo bushara ce ga ma'aikaci, domin yana nuna waya ta jonu, saura sauri. Shirun ɗungum shi ne abin da ke buƙatar bincike mai tsawo.

A nan ne nake so ɗan'uwa ya tsaya ya yi nazari, domin a nan na fi ganin an yi tuntuɓe. Na'ura ɗaya ce, kafa ɗaya ce, amma masu magana ta cikinta huɗu ne, kowannensu da wurin da ake gaya masa sauri, kuma babu mai tambayar ɗan'uwansa. Akwai BIOS ko UEFI, wanda ake kunna masa karkatar da allo zuwa siriyal a cikin nasa saitin; akwai GRUB, mai karɓar umarni irin serial --unit=0 --speed=115200; akwai kanel, wanda ake rubuta wa console=ttyS0,115200n8 a layin tashi; sa'an nan getty a ƙarshe. GRUB da kanel, in ba a ambata musu sauri ba, 9600 suke ɗauka. Na sha karɓar na'urar da wani ya gwada ya ga login ya fito sarai, ya rubuta a takardar miƙa aiki cewa layin yana lafiya, alhali getty kaɗai aka daidaita, sauran ukun ko dai bebaye ne ko suna magana a kan wani saurin dabam. Ranar da na'urar ta ƙi tashi, wato ranar da ba za a kai ga getty ba ko kusa, sai a tarar abin da aka tanada bai tsinana kome ba. Haka kuma akwai wata mas'ala mai laushi da ke kuɓuce wa har ƙwararru: idan aka rubuta console= sau biyu, ɗaya na allon gilashi ɗaya na siriyal, saƙonnin kanel za su fita ta duka biyun, amma na ƙarshe a rubuce shi ne ke zama /dev/console, kuma bisa asali nan ne shel na gaggawa ke buɗewa ya jira amsa. Wanda ya sa na allo a ƙarshe a kan na'urar da ba ta da allo, ya ajiye tambayar a inda babu mai ganinta.

In kuwa an riga an faɗa cikin saɓanin sauri, akwai rangwame da aka gada daga zamanin modem: ana iya ba agetty jerin sauri, kamar yadda systemd ke ba shi daga 115200 zuwa 9600, kuma duk lokacin da aka aika masa siginar BREAK sai ya koma na gaba a jerin. Sai dai BREAK abu ne da ake taɓawa da hattara. A tsofaffin na'urorin Sun SPARC yana tsayar da babbar manhaja cak ya jefa mutum cikin OpenBoot, har ya zama sananne cewa kashe taminal ɗin da ke jone kaɗai na iya tsayar da uwar garke. A Linux kuma, a kan layin da yake konsol, BREAK da harafi ɗaya bayansa cikin daƙiƙa biyar umarnin SysRq ne, wanda in an bar shi a buɗe yana iya sake tayar da na'ura ba tare da an tambayi kowa suna ba.

Game da shiru, bincike daga waya yake farawa. A kafa mai fil tara, fil na 2 karɓa ne, na 3 aikawa, na 5 ƙasa, kuma kwamfuta biyu ba sa jin juna sai da wayar da aka gicciya 2 da 3 a cikinta. In wayar mai zare uku ce kacal, alhali an kunna crtscts, na'urar za ta zauna jiran izinin aikawa daga zaren da babu shi, har abada. In kuwa layin yana aiki sai ya daskare farat ɗaya, a fara buga Ctrl-Q kafin a zargi kome, domin sau da yawa hannu ne ya taɓa Ctrl-S. Ina kuma gargaɗi mai ƙarfi ga masu aiki da ƙananan alluna: filolin Raspberry Pi na bolt 3.3 ne, RS-232 na ainihi kuwa yana iya kaiwa bolt 15 sama da ƙasa, kuma haɗa su kai tsaye ba tare da mai fassara irin MAX3232 ba ƙona allon ne. Sauran ƙananan cututtuka, kamar maɓallin sharewa ya riƙa buga ^H saboda wani ɓangare yana aika lamba 8 ɗayan yana jiran 127, ko rubutu ya riƙa gangarowa kamar matakala, ko vi ya hargitse don layin siriyal ba ya sanar da girman allo, stty erase da stty sane da stty rows 24 cols 80 da daidaita TERM zuwa vt100 suna maganinsu cikin minti guda.

Abin da ya fi damuna, kuma shi ne dalilin wannan rubutu, shi ne ɓangaren amana. A zamanin modem, fil na 1 yana shaida wa kwamfuta cewa akwai mutum a kan layi, in ya ajiye waya siginar ta faɗi, a aika wa shel ɗinsa umarnin yankewa, sabon getty ya tashi. A wayar kai tsaye yawanci babu wannan sigina, saboda haka ake sa clocal, ko a ba agetty zaɓin -L, don kada ya zauna jiranta. Amma sakamakon haka shi ne kwamfuta ba ta da hanyar sanin an zare waya. Ma'aikaci ya shiga da iko na root da tsakar dare, ya gama gyara, gajiya ta ɗebe shi, ya zare wayarsa ya tafi bai buga exit ba, sai shel ɗin ya zauna a buɗe mako ko wata, duk wanda ya jona bayansa ya danna Enter ya gaji cikakken iko ba suna ba kalmar sirri. Na tarar da irin wannan a ɗakunan da mutane da yawa ke da mabuɗinsu, kuma ban ɗauke shi ƙaramin abu ba, musamman da yake yanzu ana jona waɗannan kafofi da na'urar tattara konsol, ko a isa gare su ta IPMI, wanda ke nufin mai shiga ba ya ma buƙatar zuwa ɗakin. A ra'ayina sa TMOUT, wato lokacin da shel zai rufe kansa in ba a taɓa shi ba, alal misali daƙiƙa 600, a kan waɗannan layuka wajibi ne, kuma na'urar tattara konsol ta cancanci tsaro daidai da na uwar garken da ke bayanta.

Akwai kuma hukuncin ko root zai shiga kai tsaye ta wannan layi. A FreeBSD kalmar secure a /etc/ttys ce ke halatta shi, a wasu Linux kuma /etc/securetty. Masu hanawa suna da hujja, domin an fi sanin wanda ya yi aiki in kowa ya shiga da sunansa. Sai dai in sunayen ma'aikata duka suna zaune a wata uwar garke ta LDAP, ranar da hanyar sadarwa ta mutu babu ɗayansu da zai shiga. Abin da na zaɓa shi ne a bar suna ɗaya na cikin gida mai ikon sudo, a rubuta kalmar sirrinsa a rufe cikin ambulan wurin shugaban sashe, a sauya ta duk lokacin da aka buɗe.

Gwajin da nake karɓa kafin in sa hannu a kan sabuwar na'ura shi ne wannan: a zare wayar sadarwa, a jona kwamfutar hannu ta USB, a buɗe screen /dev/ttyUSB0 115200, ko minicom, ko PuTTY ga mai Windows, a kashe na'urar a kunna, a ga rubutun BIOS, a ga jerin GRUB har a motsa zaɓi da maɓallan kibiya, a ga saƙonnin kanel, a shiga da sunan cikin gida, a bar shi har TMOUT ya fitar da mutum da kansa, sa'an nan a sake tayar da ita cikin yanayin ceto a tabbata tambayarsa ta fito ta wannan layi. Bayan haka a manna takarda kusa da kafar, a rubuta ttyS0 ko ttyS1, da 115200 8N1, da irin wayar da ta yi aiki, ita kuma wayar a ɗaure ta a cikin akwatin na'urorin, a sake gwajin duk lokacin da aka sabunta babbar manhaja ko BIOS.