Feftayid: Sinadarin Da Ba Ya Jure Zafi

Ya kai ɗalibi, ɗauki carbi ka dube shi. Kamar yadda aka jera ƙwayoyinsa a zare, haka wasu ƙananan sinadarai da ake kira amino asid suke jeruwa su zama feftayid. Idan jerin ya yi tsawo ƙwarai, sai a kira shi furotin. Insulin na masu ciwon sukari, wanda Banting da Best suka tato a Toronto cikin 1921, ƙwaya 51 gare shi. Oksitosin, wanda ake yi wa mace allurarsa don tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ƙwaya 9 gare shi kacal.

Maƙiyan feftayid huɗu ne: zafi da laima da iska da haske. Laima tana tsinka zaren, iska da haske suna gurɓata wasu ƙwayoyin, zafi kuwa shi ke gaggauta ɓarnar. Abin tsoron shi ne, sau da yawa ido ba ya ganin wannan lalacewa.

Don haka a ɗakin gwaje-gwaje muke kiyaye waɗannan ƙa'idoji:

1. A ajiye busasshen garin feftayid cikin rufaffiyar kwalba a duhu, a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri.
2. In an fito da kwalbar, kada a buɗe ta sai sanyinta ya sake, don kada raɓa ta sauka a kan garin.
3. In an jiƙa shi, a rarraba shi cikin ƙananan kwalabe, domin yawan daskarewa da narkewa yana kashe ƙarfinsa.
4. A sa safar hannu, a guji shaƙar garin, a rubuta suna da kwanan wata a jikin kowace kwalba.

Wannan darasi bai tsaya ga masu bincike ba. A Gwarzo da Kabo zafin bazara yakan haura digiri 40, ga kuma yawan ɗaukewar lantarki. Oksitosin da insulin suna bukatar sanyin digiri 2 zuwa 8, amma kada a bar su su daskare. Allurar da zafi ya raunana tana iya kasa tsayar da jinin maijego. Inda babu firji, a sa insulin cikin leda a ɗaure, a ajiye a ƙaramar tukunya, a nutsa ta cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa.

Malamai, ku auna zafin ruwan randa da na ruwan bokiti da tsakar rana, ku bar ɗalibai su gano dalilin bambancin.