Darasi na 14: Motsa Jiki a Gidan Namun Daji

Kasuwar Bodija, wadda aka buɗe a Ibadan a shekarar 1987, kasuwa ce ta kayan abinci. Kullum manyan motoci suna sauke wake da albasa da tattasai da masara daga Arewa, kuma da yawa daga cikin masu wannan fatauci Hausawa ne, wasunsu mazauna unguwar Sabo, wadda aka kafa tun 1916. A cikin kasuwar akwai 'yan dako, waɗanda suke wuni suna ɗaukar buhuna. Su kam ba sa bukatar a koya musu motsa jiki. Amma akwai dillali da mai rumfa da mai awo, waɗanda suke zama a kan benci tun hantsi har la'asar, ba sa miƙewa sai don salla. In an tashi kasuwa su hau babur zuwa gida, su tarar da yara sun duƙufa a kan waya. Irin wannan zama yana daga cikin abubuwan da ke jawo ƙiba da hawan jini da ciwon sukari.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 ya riƙa motsa jiki na minti 60 a kowace rana, babba kuwa minti 150 zuwa 300 a mako. Faɗi ya fi yi sauƙi. Magidanci mai shekara hamsin ba zai sa gajeren wando ya je filin ƙwallo ba. Sai dai akwai ranar da yakan fita da iyalinsa duka, wato ranar yawon Salla, kuma ɗaya daga cikin wuraren da akan je shi ne gidan namun daji na Jami'ar Ibadan, wanda ba shi da nisa da Bodija. An fara tara dabbobi a wurin a 1948 domin koyar da ɗalibai, sa'an nan ya zama cikakken gidan namun daji a 1974. Tsofaffin mazauna garin har yanzu suna tuna goggon birin nan mai suna Haruna, wanda mutane suka riƙa yin tururuwa don su gan shi.

Mai ziyarar irin wannan wuri yana yin doguwar tafiya ba tare da ya ankara ba, domin hankalinsa yana kan dabbobi. To, mu ƙaddara cewa an ɗora wa ajinku aikin tsara wasan motsa jiki ga iyalan da ke zuwa wurin. Ta ina za ku fara?

Yawancin ɗalibai sukan fara da tsere, saboda su ne masu ƙarfin gudu. Wannan kuskure ne. Iyali ya ƙunshi kaka mai ciwon gwiwa, da uwa mai goyo, da yaro ɗan shekara uku wanda bai daɗe da iya tafiya sosai ba. Idan wasan ya fi ƙarfin kaka, za ta nemi inuwa ta zauna, uwa ta zauna kusa da ita, shi ke nan wasa ya zama na yara kaɗai. Saboda haka mai tsari yakan fara da auna ƙarfin wanda ya fi kowa rauni, sa'an nan ya ƙara wa masu ƙarfi wani abu a kai.

Abu na gaba shi ne ku zaga wurin da ƙafarku, kuna ƙidaya taku. Babban mutum yakan yi kusan taku 1,300 a kilomita ɗaya. Ku lura da inda inuwa take, da inda hanya ta yi tudu, da dabbobin da ke nan a halin yanzu, don kada ku yi wa yara alkawarin dabbar da ba za su gani ba. Daga nan sai ku zaɓi zango huɗu ko biyar, kowane zango ya ɗauki darasinsa daga wata dabba.

A zangon jimina, ku gaya wa yara cewa wannan tsuntsuwa ba ta tashi sama, amma tana iya gudun kilomita 70 a awa ɗaya. Kowa ya yi taku ashirin masu faɗi, da sauri, ba tare da gudu ba. A zangon tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, a tsaya da ƙafa ɗaya a ƙirga ɗaya zuwa goma da Hausa. Yaran da suka saba wasan langa za su ga abin kamar shan ruwa, su sai a ce su rufe ido. Tsoho kuwa ya dafa kafaɗar jikansa. Kada ku raina wannan tsayuwa, gama irinta ce ke taimaka wa tsofaffi su kauce wa faɗuwa. Zangon zaki na hutu ne. Zaki yakan kwanta har awa 20 a rana, saboda haka a nan a yi miƙa irin tasa, a sha ruwa.

Zangon da ya fi kowanne daɗi shi ne na kunkuru. A nan ana juya dokar tsere: wanda ya isa a ƙarshe shi ne ya ci, muddin bai tsaya ba ko sau ɗaya. Yara ba su da haƙuri, kafin a ƙirga biyar sun manta sun ruga. Kaka kuwa tafiyarta ce ta kullum. Ran da tsohuwa ta kayar da jikokinta a gaban jama'a, za a yi wata guda ana ba da labarin a gida, kuma ita ce za ta fara tambayar yaushe za a koma.

Akwai wata matsala da baƙo ba zai gane ta da wuri ba, wato kunya. A al'adar Hausawa, da wuya magidanci ya yi tsalle a gaban surukarsa, haka kuma matar aure ba za ta so idon mutane ya dawo kanta ba. Idan tsarinku ya ce kowa ya yi tsallen biri, uba zai harɗe hannu ya koma gefe, yana murmushin da ba na jin daɗi ba. Maganin wannan shi ne a ba shi aikin da bai taɓa girmansa ba. A ce shi ne mai ƙidaya, ko jagoran ayari, ko ya ɗora ƙaramin ɗansa a wuya daga wannan zango zuwa wancan. Wanda ya ɗauki yaro mai nauyin kilo 12 ya hau tudu da shi ai ya motsa jiki, ko da bai kira abin da wannan suna ba.

Dabbobin ma suna da haƙƙi, domin gidansu aka zo. Ihu da tafi da guje-guje a bakin keji suna firgita su. Birai da yawa suna ɗaukar zura musu ido a matsayin neman faɗa. Don haka a kalli dabba cikin natsuwa, sa'an nan a ja da baya zuwa fili kafin a fara wasa. Ba a jingina da shinge, ba a jefa wa dabba abinci, kuma ba a kafa allo ko ɗaya sai da izinin hukumar gidan. Allon ya kasance da Hausa da Yarbanci da Turanci, tare da hoto, saboda wani dattijon ajami ya iya, bai iya boko ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da hantsi, kafin rana ta take, yadda za a gama kafin azahar. Da damina kuwa a kula da santsi.

Tattaunawa

Jika: Kaka, ki taso mana, an zo zangon kunkuru.
Kaka: Kai maigidan, rabu da ni. Gwiwar nan tun Sabo take yi mini ciwo.
Jika: Ai ba gudu za a yi ba. Wanda ya zo a ƙarshe shi ya ci.
Kaka: A ƙarshe? To, miƙo mini sandata. Yau za ka san ka yi kara da ni.
Jika: In kin ci, me zan ba ki?
Kaka: Goro na Bodija, fari, kuma kai za ka biya.

Ma'anar Kalmomi

ɗan dako: mai ɗaukar kaya a biya shi
zango: wurin da matafiya suke tsayawa su huta
langa: wasan da ake riƙe ƙafa ɗaya da hannu, ana tsalle da ɗayar
tururuwa: a nan, zuwan mutane da yawa wuri ɗaya
ankara: lura da abin da ke faruwa
suruka: uwar miji ko uwar mata

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin aikin ɗan dako da na mai rumfa ta fuskar motsa jiki?
2. Minti nawa aka ce yaro ya motsa jiki a rana?
3. Me ya sa kaka takan ci wasan kunkuru?
4. Don me kaka ta kira jikanta "maigidan"? Akwai irin wannan wasa a al'adarku?
5. Marubucin ya ce a ba uba aikin ƙidaya. Kun yarda da dalilinsa? Ku kawo hujja.

Nahawu: Umarni da Ladabi

Ana ce wa yaro "Tsaya!" ko "Ka tsaya", yarinya kuma "Ki tsaya", mutane da yawa "Ku tsaya". Idan mai magana yana ciki sai ya ce "Mu tsaya". Hani yana zuwa da kada: "Kada ka taɓa shinge." Amma ba a ce wa dattijo "Tashi!" Akan sassauta a ce "Baba, a tashi" ko "Baba, ko za a ɗan tashi?" Ku mayar da waɗannan zuwa maganar da ta dace da dattijo: Zauna! Sha ruwa! Ɗaga ƙafa! Biyo ni!

Aikin Yi

Ku kasu rukuni-rukuni, mutum huɗu-huɗu. Kowane rukuni ya zaɓi dabbar da ba a ba ta zango a wannan darasi ba, kamar kada ko kura ko raƙumin dawa, ya rubuta allon zangonta da jimloli biyar: ɗaya a kan halin dabbar, biyu na umarni ga yara, ɗaya ga dattawa, ɗaya ta hani. Ku gwada wasan a filin makaranta, ɗayanku ya fito a matsayin kaka.