Kada a Zuba wa Tsohon Tayil Ruwan Batir

Wani magidanci daga Funtuwa ya aiko da tambaya. Ya gaji gida mai tsohon tayil mai zane a falo, launinsa ya dushe, wani fari-fari kamar gishiri yana tsatsowa a kai. Magini ya ce ko a wanke da ruwan batir, ko a fasa a shimfiɗa sabo. Malam, dakata tukuna, duka biyun ɓarna ce.

Fara da sanin abin da kake takawa. Yawancin tayil ɗin kasuwa a yau bugun zane aka yi masa a fuska, aka shafe da ƙyalli. Da yashi ya ci fuskar, zane ya tafi ke nan. Na mutanen da ba haka yake ba. A 1830 wani Bature mai suna Samuel Wright ya yi rajistar wata dabara a Ingila: a danna siffar zane a jikin ɗanyen yumɓu, a cike gurbin da yumɓu mai wani launi, a kankare, sannan a gasa. Herbert Minton na garin Stoke-on-Trent shi ya ɗauki dabarar ya mayar da ita babbar sana'a. Tayil ɗinsa aka shimfiɗa a Majalisar Dokokin Birtaniya, da ginin Capitol na Amurka daga 1856, da zauren St George na Liverpool mai ƙwaya kusan 30,000. Kamfanin Maw ma ya yi suna, ya kafa babbar masana'anta a Jackfield a 1883. Sukan buga sunansu a bayan tayil, saboda haka in ɗaya ya ɓanɓare, juya shi ka duba.

Akwai kuma ɗan'uwansa na siminti, wanda ba a gasawa, matse shi ake yi. Dubi gefen wanda ya tsage: in launin ya nutsa kamar milimita 3 ko 4, ƙasansa kuma ruwan toka ne, to na siminti gare ka. Ruwan batir asid ne, asid kuwa yana cinye siminti nan take. Ko na yumɓun ne, zai zagwanye abin da ya riƙe tsakaninsu, ya bar tabon da ba ya fita.

Farin nan kuwa danshi ne ya kawo shi. Funtuwa, Bakori da Malumfashi sun fi arewacin Katsina samun ruwan sama, ruwa yana kwanciya a gindin bango, ya hau da gishirin ƙasa, ya bushe ya bar shi a sarari. Ka goge shi a bushe da burushi mai laushi, don jiƙa shi mayar da shi ciki ne. Sannan ka fita waje: gyara indararo, buɗe magudana, tayar da ƙasar gindin bango ruwa ya riƙa gangarewa. Kada ka shafa fenti ko wani mai toshe fuska, danshin zai rasa hanya ya ɗaga tayil ɗin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne taki. Damina na ƙaratowa sai falo ya koma sito, a jibge buhuna a ƙasa. Takin zamani gishiri ne mai jan ruwa, mai sulfa a ciki kuwa cin siminti yake yi. In babu makawa, a sa katako da leda a ƙarƙashi. Buhunan masara da waken suya ma a ɗauka, kada a ja.

Wanki na yau da kullum: shara da farko, saboda ƙurar hunturu ita ke goge fuska, sannan ruwa kaɗan da sabulu marar ƙarfi, a tsane nan da nan. Wanda ya girgiɗe a cire shi a hankali, a mayar da shi da farar ƙasa da yashi. Gutsattsarin ma ka adana su, domin irin wannan zanen ba za ka same shi a shagon kayan gini ba.